Minshari mai ɗauke numfashi da aikin gyaran fuska: yadda ake haɗa su a tsari guda

Duk wanda za a taɓa masa ƙashin fuska, ko don karaya ta warke a karkace bayan hatsarin kabu-kabu, ko don muƙamuƙi ya ƙame baki ba ya buɗuwa, ko don haɓa ta shige ciki tun haihuwa, akwai tambayar da ya kamata a yi kafin a sa ranar aiki: yaya yake numfashi idan barci ya ɗauke shi? Ƙasusuwan da ke ba fuska siffarta su ne kuma ke riƙe da hanyar iska. Likita zai iya gyara fuska ta yi kyau, amma ya ƙara matse maƙogwaro. Zai kuma iya, da yanka guda, ya gyara duka biyun. Bambancin yana cikin awon da aka yi tun farko da kuma jerin yadda aka bi ayyukan.

Abin da ke faruwa a maƙogwaro

Daga bayan hanci zuwa saman maƙogwaro, hanyar iska ba ta da ƙashi ko guringuntsi da ya kewaye ta. Tsoka ce kawai ke riƙe ta a buɗe. Idan mutum ya yi barci tsokar ta saki, harshe ya zame baya, ganɗa mai laushi ta sauko. Ga mai faɗin maƙogwaro wannan ba komai ba ne. Ga wanda hanyarsa ta riga ta ƙuntata, bangon yakan haɗe, iska ta tsaya, ƙirji na ta kokawa amma babu abin da ke shiga. Oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da shi na ɗan lokaci, ya ja numfashi da ƙara kamar an shaƙe shi, ya koma barci. Da safe bai san an yi ba. Mai ɗakinsa ce ta sani.

Likitoci na ƙirga tsayawar da ta kai daƙiƙa 10 ko fiye, tare da raguwar numfashi mai tsanani, su raba da awannin barci. Lambar da ta fito ita ce ake rubutawa IAH a takardun Faransanci, AHI a na Ingilishi. Daga 5 zuwa 15 a awa ciwon mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. A yara ma'aunin ya fi tsauri, ko sau ɗaya a awa ya wuce ƙa'ida.

Alamun rana su ne gyangyaɗi a wurin zama, lokacin huɗuba ko a bakin sitiyari, ciwon kai da asuba, bushewar baki, tashi fitsari sau da yawa da dare, da tansiyon, wato hawan jini, da ta ƙi jin magani biyu ko uku. Direban da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, bai kamata ya ɗauki gyangyaɗi a matsayin gajiya kawai ba.

Awo kafin wuƙa

Matakin farko tambayoyi takwas ne da kowane likita zai iya yi a ɗakin duba marasa lafiya: minshari mai ƙarfi, gajiyar rana, wani ya ga numfashi na tsayawa, hawan jini, ƙiba mai yawa da ma'aunin jiki, wato nauyi a kan tsawo, ya wuce 35, shekaru sama da 50, kaurin wuya sama da santimita 40, da kasancewa namiji. Wanda ya amsa e ga uku ko fiye ya cancanci gwajin barci. Biyar zuwa sama, haɗarin babba ne.

Gwajin barcin iri biyu ne. Cikakken gwaji ana kwana a asibiti da wayoyi a kai, a ƙirji da hanci. Ƙaramin gwaji na'ura ce da ake ɗaura wa mutum ya kwana da ita a gida, tana auna iskar hanci, motsin ƙirji da oksijin. Ka tambayi likitan huhu ko likitan ORL, wato na kunne da hanci da maƙogwaro, inda ake yin sa a lokacin, domin sau da yawa sai an haɗa da tafiya Yamai ko Kano. Kafin a kai ga haka, abu biyu na taimakawa: na'urar yatsa mai ajiye awon oksijin na dare guda, da bidiyon minti biyar zuwa goma da wani na gida zai ɗauka da waya, ƙirji a buɗe, ana jin sauti. Ba su maye gurbin gwajin ba, amma suna nuna wa likita wanda bai kamata a jinkirta ba. Gwajin kuma shi ke raba toshewar maƙogwaro da wani nau'in da ƙwaƙwalwa ce ke daina ba da umarnin numfashi, wanda ake gani a masu ciwon zuciya da masu shan tramol da yawa. Wannan na biyun, tiyata ba ta yi masa komai.

Bayan an tabbatar da ciwon, sai a nemi wurin da ke toshewa. Ana duba hanci da siririn madubi mai lanƙwasa. Ana auna girman amigdal, wato ƙwallayen nama biyu da ke gefen maƙogwaro, daga 0 zuwa 4. Ana duba yadda harshe ya cika baki, da yadda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa, da faɗin buɗe baki da milimita. Ana taɓa wuya don maƙoƙo. Hoton rediyo, wato hoton ƙashi, na gefen kai yana ba da lambobi masu amfani: sararin da ke bayan tushen harshe idan bai kai milimita 11 ba ya ƙuntata, ƙaramin ƙashin da ke ƙarƙashin harshe kuma idan ya yi nisa da gefen muƙamuƙi fiye da milimita 15, alama ce harshen ya sauka ƙasa da yawa. Idan za a yanka ƙashi, sai an yi sikana, wato hoton asibiti mai nuna ƙashi dalla-dalla.

Mafi amfani a cikinsu shi ne duba maƙogwaro da madubi alhali mutum na barci. Ana ba shi allurar barci kaɗan kaɗan har ya fara minshari, likita ya zura madubin ta hanci ya ga da idonsa inda ke rufewa: ganɗa ce, bangon gefe ne, tushen harshe ne, ko murfin maƙogwaro. A nan ne kuma ake ɗan jawo haɓa gaba da hannu a ga ko hanyar za ta buɗe. Ga yawancin masu ciwo mai tsanani, wurin toshewar ya wuce ɗaya, kuma shi ya sa aiki guda a maƙogwaro yake yawan ba mutane kunya.

Na'urar iska tana zuwa kafin aiki

Na'urar CPAP, wadda takardun Faransanci ke kira PPC, Colin Sullivan ne ya fito da ita a Sidni ta Ostireliya a 1981. Tana tura iska ta takunkumi da matsin da ake saitawa tsakanin 4 da 20, iskar ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Ko da an riga an yanke shawarar tiyata, yana da kyau mai ciwo mai tsanani ya yi makonni yana kwana da ita. Tansiyon kan lafa, zuciya ta huta, haɗarin allurar barci ya ragu.

A Maraɗi matsalarta wuta ce da ƙura. Idan an kashe ɓangaren ɗumama ruwa, yawancinsu ba sa cin fiye da wat 30 zuwa 60. Barcin awa takwas a wat 40 ya kama wat-awa 320, wanda batir mai volt 12 da amfiya-awa 100 zai ɗauka cikin sauƙi ba tare da an zuƙe shi fiye da rabi ba, a caja shi da rana da sola. Da hunturu, matatar iska da ke bayan na'urar kan toshe cikin ƴan kwanaki, a riƙa duba ta kowane mako, a ajiye na'urar bisa tebur, ba a ƙasa ba. Amfanin da ake ƙirgawa shi ne aƙalla awa 4 a dare, a kashi 70 cikin ɗari na darare. Wanda ya kasa kai wannan bayan an canza masa takunkumi an kuma buɗe hanci, shi ne ainihin wanda ake tunanin yi wa aiki don numfashi kaɗai. Wanda kuwa dama fuskarsa na buƙatar gyara, lissafinsa daban ne: tunda za a shiga, a shiga da tsarin numfashi a hannu.

Nauyin jiki ma yana cikin lissafi. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari na nauyi kan ɗaga IAH da kusan kashi ɗaya bisa uku, raguwar kashi 10 kuma ta sauke shi da kusan kashi ɗaya bisa huɗu.

Hanci da maƙogwaro

Miƙe bangon tsakiyar hanci da rage naman cikinsa ba kasafai suke warkar da ciwon ba. Amfaninsu shi ne mutum ya daina kwana baki buɗe, kuma ya iya jure na'ura da matsi kaɗan. Idan hancin ya taɓa karyewa ya lotsa, ana haɗa gyaran siffa da na numfashi a zama ɗaya: a ɗauko guringuntsi daga bangon hancin, ko kunne, ko haƙarƙari, a tokare wurin da ya fi ƙunci a saman kafar hanci. Abin da za a guje wa shi ne sirantar da hanci don kwalliya ba tare da tokarewa ba, saboda gefen zai riƙa manne wa duk lokacin da aka ja iska. Toshe hanci da auduga bayan aiki yana tsananta ɗaukewar numfashi a daren farko, don haka gara a sa ƴan robobi masu rami a tsakiya ko a ɗinke bangon kawai.

Aikin ganɗa, wanda likita Fujita ya bayyana a Amurka a 1981, ana cire amigdal ne a rage ganɗa mai laushi a ɗinke. Idan aka yi wa kowa da kowa, bai kai rabi ba ne ke samun nasara. Mai manyan amigdal da ƙaramin harshe, nasararsa kan kai kusan kashi 80 cikin ɗari. Mai ƙananan amigdal da babban harshe, ba ta kai kashi 10 ba. Yanzu likitoci sun fi son jawo tsokar gefe su ɗinke ta gaba da waje, maimakon yanke nama da yawa. In an yanke fiye da kima, ruwa zai riƙa fita ta hanci wajen sha, murya ta koma ta hanci. In kuma an kankare bayan hanci da ganɗa a rana ɗaya, gyambunan biyu na iya mannewa su toshe bayan hancin, kuma gyaran wannan yana da wuya ƙwarai.

Cire belu a wurin wanzami ba ya maganin wannan ciwo. Belu ɗan ƙaramin yanki ne na matsalar, kuma tabon da aka bari yana iya taurara ganɗa ya rikita aikin da za a yi daga baya. Wanda aka taɓa cire wa ya faɗa wa likita.

Jawo muƙamuƙi biyu gaba

Wannan shi ne aikin da ya fi kowane ƙarfi bayan huda maƙogwaro, kuma shi ne inda gyaran fuska da maganin numfashi suka zama abu guda. Ƙashin fuska kamar dirkokin rumfa ne: ganɗa na rataye a muƙamuƙin sama, harshe na ɗaure a cikin haɓa, idan aka matsar da dirkokin gaba duk abin da ke jikinsu zai miƙe ya ɗame. Likitoci Riley da Powell na Jami'ar Stanford ne suka yaɗa shi a matsayin maganin wannan ciwo.

Duk yankan ta cikin baki ake yi. A sama, ana raba muƙamuƙi daga sauran ƙoƙon fuska da yanka a kwance, bisa saiwoyin haƙora, yankan da ke ɗauke da sunan René Le Fort. A ƙasa, ana tsaga ƙashin ta tsawonsa a kowane gefe, bayan turamen haƙora, yadda ɓangaren da ke ɗauke da haƙora zai zame gaba amma ƙashi na taɓa ƙashi. Ana matsar da su milimita 10 zuwa 12, a daidaita cizo da wata roba da aka zuba tun kafin aiki bisa awon haƙoran mutum, sannan a ɗaure da ƴan farantai da kusoshin titaniyom. Aikin kan ci awa uku zuwa biyar. A tanadi jini leda biyu, ko da ba za a buƙace shi ba. Idan harshe na da girma, ana iya yanka ƴar taga a ƙashin haɓa inda tsokar harshe ta kama, a jawo ta gaba a zama ɗaya.

Idan aka ce nasara a wannan fanni, ana nufin IAH ya ragu da rabi kuma ya sauka ƙasa da 20. Da wannan ma'auni, kimanin kashi 85 cikin ɗari na samun nasara. Waɗanda suka warke sarai, IAH ƙasa da 5, kusan kashi 40 ne. Ka riƙe lambobin biyu a kai, domin wanda ya sauko daga 70 zuwa 18 an ci nasara a takarda amma har yanzu yana da ciwo matsakaici.

Siffar fuska za ta canza, kuma a tattauna wannan da hoto a hannu kafin ranar. Mai haɓa da ta shige ciki yakan fi kyau bayan aiki. Amma da yawa daga cikinmu muƙamuƙanmu sun riga sun ɗan fito gaba, kuma ƙarin santimita guda kai tsaye zai turo leɓɓa sosai. Maganin shi ne a juya muƙamuƙan maimakon a tura su kawai: na sama ya matsa kaɗan, na ƙasa da haɓa su yi gaba da yawa. Gindin hanci kan ƙara faɗi, shi ya sa ake ɗinke shi ta ciki a matso da gefunansa kafin a rufe. Tunda ana taɓa ƙasan hanci, a nan ne ake miƙe bangonsa ma, kada ya lanƙwashe idan an ɗaga ƙashin. Gyaran hanci na waje kuwa, gara a bar shi sai bayan wata shida ko fiye, lokacin da fuska ta zauna.

Abin da ya fi faruwa bayan aikin shi ne mutuwar leɓen ƙasa da haɓa, wato su daina jin taɓi, saboda jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin tana shan ja. Kusan kowa na jin haka da farko. Yawanci tana dawowa cikin watanni, wasu kuma wani yanki ba ya dawowa, musamman masu shekaru. Sauran su ne cizo ya karkace, faranti ya yi ruwa har sai an cire shi, ko ƙashi ya ƙi haɗewa, wanda ya fi yawa ga masu shan taba da masu ciwon suga da ba a daidaita ba.

Akwai aikin da ke yin akasin wannan, kuma a yi hattara da shi: mayar da muƙamuƙin ƙasa baya ga wanda haɓarsa ta fito da yawa. Harshe na bin ƙashin baya, hanyar iska ta ƙuntata. Ga mai minshari ko mai ƙiba, abin da ya fi shi ne a jawo na sama gaba a rage yawan mayar da na ƙasa.

Muƙamuƙin da ya ƙame, da yara

A yankinmu wannan rukuni ne ya fi buƙatar haɗa ayyukan. Yaro ya faɗi bisa haɓa, ko kunne ya yi ruwa ba a yi magani ba, ko cutar noma, mai cin naman baki da fuska, ta ci kunci, sai gaɓar muƙamuƙi ta haɗe da ƙoƙon kai. Wurin girman ƙashin a nan gaɓar yake, don haka muƙamuƙin ya daina girma, haɓa ta ɓace, harshe ya rasa wurin zama sai baya. Irin waɗannan yara sukan kwana a zaune ko a kife, ba sa ƙiba, suna fitsarin kwance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamba 2023, kuma akwai wuraren da suka daɗe suna kula da masu ita, kamar cibiyar Sentinelles a Damagaram da asibitin noma na Sakkwato.

Iyaye buɗe baki suke so a fara yi, kuma ba laifinsu ba ne. Sai dai idan ɗaukewar numfashin mai tsanani ce, sakin gaɓar da farko na iya ƙara lalata abin: an cire ƙashi, muƙamuƙin ya ƙara gajarta ya faɗa baya, kuma duk lokacin da yaron ya wage baki wajen atisaye sai hanyar iska ta rufe, ya ƙi yi, gaɓar ta sake ƙamewa. Shi ya sa likitoci da yawa ke fara tsawaita ƙashin. Ana yanka shi, a ɗaura ƙarfe mai juyawa, a jira ƴan kwanaki, sannan a riƙa juyawa milimita 1 a rana, yawanci rabi da safe rabi da yamma. Sabon ƙashi na cika tsakanin. Idan ana son milimita 15, mako biyu ke nan da kwana ɗaya na juyi, sannan a bar ƙarfen wata biyu zuwa uku ƙashin ya yi ƙwari. In an yi sauri, nama ne zai cika gurbin. In an yi jinkiri ko an tsallake kwanaki, ƙashin ya haɗe kafin a kai inda ake so. Wanda zai riƙa juyawa a gida ya koya a gaban likita, ya kuma riƙa sa alama a takarda kowace rana.

Bayan haka a saki gaɓar, a nemi buɗewar kimanin milimita 35 a kan tebur. Abin da ke riƙe wannan buɗewa atisaye ne: a jera ƴan itatuwan danna harshe tsakanin turamen haƙora, ana ƙara ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa a rana, har wata shida ko shekara. Akwai ciwo, kuma a nan ne iyalai da yawa ke sarewa.

Sa wa mai ƙamammen baki bututun numfashi aikin gwani ne. Ana zura shi ta hanci da madubi mai lanƙwasa alhali mutum na numfashi da kansa. Inda babu wannan kayan, huda maƙogwaro kafin a sa barci ya fi aminci, kuma ana rufe hudar bayan kumburi ya saɓe.

Yaron da aka ɗinke wa tsagaggen ganɗa, idan daga baya aka ce za a yi masa aiki na biyu don murya ta daina fita ta hanci, a tambayi barcinsa tukuna. Aikin yana rage ƙofar bayan hanci da gangan, kuma yakan jawo ɗaukewar numfashi, musamman ga mai ƙaramar haɓa ko manyan amigdal. Ga sauran yara masu fuska daidai, cire amigdal da naman bayan hanci shi ne maganin farko. Mai sikila na buƙatar shiri na musamman, yawanci a ƙara masa jini har awon ƙarfin jinin ya kai wajen giram 10 kafin aiki, a kuma kiyaye shi da rashin ruwa da sanyi.

Shiri da dararen farko

A daina taba aƙalla mako huɗu kafin aiki. A gyara ruɓaɓɓun haƙora a wanke dasashi, domin faranti a ƙarƙashinsu zai zauna. A daidaita suga da tansiyon, a auna jini, a yi gwajin zazzaɓin sauro. A daina asfirin bisa umarnin likita. Mai shan tramol, diyazefam ko giya ya faɗa wa likitan allurar barci gaskiya da yawan da yake sha, domin ɓoye wannan na iya kashe mutum a daren farko. Abinci a tsaya awa shida kafin aiki, ruwa zalla awa biyu. Kada a sa ranar gab da azumi, saboda makonnin farko na buƙatar sha kaɗan kaɗan duk yini.

Kafin ka yarda da wuri, ka yi tambaya uku: akwai gadon reyanimasiyon, wato na ɗakin kulawa ta musamman, da aka ware maka a daren farko? Akwai janareta da oksijin da ba sa yankewa? Likitan da zai iya huda maƙogwaro cikin gaggawa yana kwana kusa?

Ba a cire bututun numfashi sai mutum ya farka sarai yana bin umarni. A ɗaga kan gado digiri 30, na'urar oksijin a yatsa dare da rana. Kumburi na kai maƙura a kwana na biyu zuwa na uku, don haka wanda ya yi kyau a daren farko bai tsira ba tukuna. Maganin ciwo farasitamol ne, giram 1 kowace awa shida ga babba, kada ya wuce giram 4 a yini, tare da ibufurofen idan likita ya yarda. Magunguna masu sa maye irin su morfin da tramol suna danne numfashi, ba a ba da su sai kaɗan kuma ana kallo. Yaron da aka cire wa amigdal ba a ba shi kodin ko tramol ko kaɗan.

Bayan an yanka muƙamuƙin sama ba a mayar da CPAP nan take, saboda iskar na iya kutsawa ta yankan ta shiga ƙarƙashin fata. Likitan da ya yi aikin ne zai faɗi ranar. Haka nan ba a fyace majina aƙalla mako biyu, atishawa kuma baki buɗe. Wajen alwala kada a shaƙa ruwa da ƙarfi. Sujada kan cika fuska da jini a kwanakin farko, a yi salla a zaune har likita ya sallama. Idan an ɗaure haƙora da roba ko waya, almakashin yanke su ya kwana a gefen gado, mai jinya kuma ya san waɗanda zai yanke idan amai ya taso.

A gida

Mako ɗaya zuwa biyu na farko ruwa-ruwa ne: kunun gyaɗa, koko da madara, fura da nono da aka dama sosai aka tace, romon nama, wake da aka niƙa ya yi ruwa. Koko zalla ba ya gina ƙashi, a riƙa haɗa ƙwai, madara ko gyaɗa, a sha sau shida zuwa takwas a yini. Tunda leɓe ba ya ji, a gwada zafin abin sha a bayan hannu. Daga nan zuwa mako shida abinci mai laushi da harshe zai iya murƙushewa, kamar tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa. Kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, rake, aya da goro sai ƙashi ya haɗe. A kurkure baki da kulorheksidin sau biyu a rana, da ruwan gishiri mai ɗumi bayan kowane ci. Hawa babur ma a jira mako shida.

Wanda aka yi wa aikin maƙogwaro ya san cewa jini na iya ɓallewa tsakanin kwana na 5 da na 10, lokacin da farin ɓawon gyambon ke faɗuwa. Idan daga ƙauye ka zo, ka zauna cikin gari kusa da asibiti har mako biyu. Jini ja da ke fita ta baki, ko haɗiya akai akai a yaro mai barci, ko zazzaɓi da kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana na huɗu, ko cizo ya canza farat ɗaya, duk na komawa asibiti ne a wannan sa'ar.

Daina minshari ba hujja ba ce cewa an warke, musamman bayan aikin ganɗa, inda sauti kan tafi amma numfashi na ci gaba da tsayawa. A sake gwajin barci bayan wata uku zuwa shida, kuma kada a sayar da na'ura kafin sakamakon ya fito. In IAH ya rage tsakanin 5 da 15, kwanciya ta gefe ko robar haƙora mai jawo haɓa gaba na iya wadatarwa. In ya wuce haka, a koma kan na'ura da sabon saiti, wanda yawanci ya fi na da sauƙi. Yaron da aka tsawaita wa ƙashi a riƙa duba shi kowace shekara har ya gama girma, domin gefen da ya lalace ba ya bin ɗan'uwansa, kuma wasu na buƙatar aiki na biyu wajen shekara 17 ko 18.